Koriyar Kostar da Na Gani a Katun

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari ba ta ma shiga lakwal ba, wato makarantar boko, na kamu da wata ɗabi'a da har gobe mutanen gidana suke yi mini dariya a kanta. In yara suna kallon katun a waya, mota ta gifta, sai na ce a tsaya. In karɓe wayar, in mayar baya, in ƙura ido. Su suna son su ga ko kura za ta kama zomo, ni kuwa ina ƙirga tagogi. Ni mai walda ne a wani gareji bayan tashar Magariya, rabin rayuwata a jikin motocin haya na yi ta, to abin da idona ya saba gani ke nan.

Kuma fa jama'a, abin yana da ilimi, kada ku raina shi. Mai zane zai sa wa mota ido a gilashi, ya yi mata baki a bamba, ya kumbura ta ta yi ƙiba, amma akwai abin da ba ya iya ɓoyewa, domin shi ma wata motar ya kalla ya zana. Ka duba ƙofa, ta ja ce ko ta naɗewa. Ka duba tayar gaba, a ƙarƙashin direba take ko ta yi gaba ta bar shi. Tayar baya kuma ɗaya ce ko biyu. Da wannan kaɗai sai in ce maka wannan Hiyas ce tsohuwar yayi, waccan J5 ce aka yi wa kwalliya, waccan kuwa Kosta ce ko da an maƙala mata fukafukai. A gareji har gwada ni ake yi, a kawo mini katun na Turawa ko na 'yan Sin a ce, "To gwani, wannan fa?" Ban taɓa faɗuwa ba. Ko kuma dai in faɗi gaskiya, babu wanda ya san abin sosai balle ya kayar da ni. Kaina ya yi girma ba kaɗan ba.

Kafin in kai ku inda za ni, sai na gaya muku labarin motar mahaifina. Kosta ce fara mai ratsin shuɗi, tsohuwa tukuf, ita ce ta ciyar da gidanmu. Wanda yake tuƙa ta abokina ne, tare muka tashi a unguwa ɗaya, kwano ɗaya muke sa hannu. Mahaifina ya yarda da shi fiye da yadda ya yarda da ni, kuma ban ga laifinsa ba, don ni ko keke na hau sai na nemi rami. Wata rana abokina ya kai masu gyaɗa wata kasuwa wajen iyaka, ya juyo ba kowa a motar, karen motarsa kuma ranar yana kwance da zazzaɓi. Da la'asar sakaliya wasu mutane suka tare shi a hanyar daji, suka ɗaure shi a gindin wata bishiya, suka tafi da motar. Wani makiyayi ne ya kwance shi. Ya dawo gida a ƙasa, ba takalmi.

An je jandarma, an yi cigiya har tsallaken iyaka, shiru. Babu wanda ya fito ya ce abokina ne ya sayar da ita. Amma ka san tasha. "Shi kaɗai a motar?" "Kuma ko ƙwarzane babu a jikinsa?" Daga nan sai a yi shiru a ci gaba da shan shayi. Mahaifina bai taɓa cewa uffan ba har Allah ya ɗauki ransa bayan shekara biyu. Abokina kuwa babu wanda ya ƙara miƙa masa makulli. Ya koma kabu-kabu da wani tsohon babur, mutumin da a da yake cika Kosta har sama ya nufi Damagaram. Muna gaisawa, muna zama tare, ina zuwa sunan 'ya'yansa. Amma wallahi can ƙasan zuciyata akwai wani abu da bai kwanta ba, kuma ban taɓa buɗe baki na tambaye shi ba.

Shekara shida ana haka, sai wani Alhaji na tasharmu ya sayo Hiyas, ya ce abokina yake so ya ba wa. A wurinmu ba a miƙa wa direba makulli haka kawai. Mai mota zai je wajen gidan da direban ya yi wa aiki na ƙarshe ya tambaya, in suka ce "ba shi", shi ke nan, kalma biyu sun isa. Tunda mahaifina ba ya nan, maganar a bakina take. Alhaji ya aiko mini cewa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai biyo ta gareji. Abokina ya zo da kansa yana ta murmushi, har ya nuna mini farmin tuƙinsa da ya sabunta. Ya ce, "Mutumina, Allah ya kawo ƙarshen rana a ka." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai wannan an gama.

Ranar Laraba na dawo cin abincin rana, na tarar da 'yata tana kallon wani katun da ake ta turawa waya zuwa waya a lokacin. Na Hausa ne, wani ɗan ƙasa ya yi shi, kan wanke hannu kafin a ci abinci. Ina tauna tuwo sai wata koriyar mota ta shigo tana rawa tana waƙa. Na ce a tsaya. Kosta ce, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Na ƙara matsowa da wayar, sai na ajiye lomar da ke hannuna.

Tagar ƙarshe ta hagu ba gilashi ba ce, an toshe ta da ƙarfe. Ni na toshe ta. Mariƙin ƙofa wani lanƙwasasshen rodi ne mai kai kamar ƙugiya. Ni na lanƙwasa shi da hannuna, don na asali ya karye ba mu samu irinsa ba. Tsanin hawa sama yana gefe, dab da ƙofa, inda babu wani mai hankali da zai sa tsani sai mahaifina. Fitilar gaba ta dama ta fi ta hagu girma. Jama'a, Kosta dubu ce a duniya, amma mai waɗannan abubuwa huɗu guda ɗaya ce. Kuma a bayan motar an zana rumfunan kasuwa da wata kuka mai rassa biyu. Kasuwar Waca ce, na san ta.

Nan take kaina ya fara haɗa zance, kuma da na san haɗin da zai yi da na je na kwanta. Katun ɗin sabo ne, to mai zanen kwanan nan ya ga motar. Fara ce a da, yanzu koriya, to an sake mata fenti. A Waca aka gan ta. Wa yake da kawu a wani ƙauye bayan Waca? Abokina. Wa yake cewa duk wata zai je gaida kawu? Abokina. Na tuna rufin kwano da ya yi wa ɗakin mahaifiyarsa bara, na ce kabu-kabu ne zai yi wannan? Na tuna yadda yake kawar da kai in an ambaci motar. Har murmushin da ya yi mini da farmi a hannu sai na ga kamar da wata manufa a ciki.

Na kai wa mahaifiyata wayar. Ta riƙe ta nesa da ido, ta kalla, ta ce, "Wannan abin wasan yara ne ka kawo mini?"

Na ce, "Inna, duba tagar nan. Duba mariƙin. Motar Baba ce."

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ta yi kama. To sai me?"

Na zayyana mata duk abin da na haɗa. Ta ajiye wayar a tabarma ta ce, "Kai ɗan nan, mutum guda za ka rataye da zanen da yake rawa yana waƙa? Mahaifinku ya fi ka ciwon motar nan, kuma bai ce komai ba. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, ga gidansu can, je ka tambaye shi." Na ce ai ɓarawo ba ya cewa shi ne. Ta ce, "Au, har ya zama ɓarawo?" Na tashi na fita ina ganin tsufa ne ya sa ba ta gane ba.

Ban je na tambaye shi ba. Ranar Alhamis ma da ya tsaya a bakin gareji da baburinsa, sai na rufe fuska da gilashin walda na yi kamar aiki ya sha mini kai. Ta cikin baƙin gilashin nake leƙensa, ina neman alamar rashin gaskiya a tsayuwarsa. Ya gaji ya ɗaga mini hannu ya tafi.

Juma'a ta yi. Alhaji ya zo da carbi a hannu, muka gaisa, ya tambayi Inna, ya yi wa marigayi addu'a. Sannan ya ce, "To ɗan marigayi, ka san abin da ya kawo ni. Yaron nan, in ba shi?"

Na so in ce a ba shi, Allah shaida ne. Sai koriyar motar nan ta faɗo mini a rai. Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, a ɗan dakata tukuna."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya kalle ni, ya gyaɗa kai sau biyu, ya ce, "Na gode, Allah ya yi albarka." Ya tafi. Ni a wautata gani nake na yi dabara: ban ce e ba, ban ce a'a ba, na samu kwana biyu in bincika.

Neman mai zanen bai yi wuya ba. Wani direban layin Waca ya ce ai mushen lakwal ne a can, wato malamin makaranta, shi yake irin waɗannan abubuwa a na'urarsa. Ranar Lahadi da sassafe na shiga motar Waca, aka cusa mu kamar buhunan gero. Duk hanya idona yana waje, kowace koriyar aba na hango sai na miƙa wuya in leƙa, har da wani tankin ruwa. A raina na riga na shirya yadda zan tafi jandarma, da abin da zan faɗa a tasha in gaskiya ta fito. Har da irin kallon da zan yi wa abokina na gwada.

Na samu mushen a ƙofar gidansa yana gyaran kujera. Mutum ne siriri mai fara'a. Ban gaya masa abin da ya kawo ni ba, na ce ni mai sha'awar aikinsa ne. Ya ji daɗi, ya sa aka kawo fura. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Mushe, motar nan ta cikin katun, a ina ka gan ta? Tana aiki a nan ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Ina! Ai ban ƙara ganinta ba tun ranar aurena. Bari ka gani."

Ya shiga ɗaki ya fito da hoto a cikin gilashi, har ya fara koɗewa. Kostar mahaifina ce, fara sol da ratsinta shuɗi, a gaban kukar kasuwa. Mata sun cika ta, kayan ɗaki a sama an ɗaure. Ya ce ita ta kawo masa amarya daga Magariya, shekara bakwai ke nan, ga ɗansu na fari can yana wasa. Na ce to me ya sa ta zama koriya? Ya ce, "Na zana ta fara, sai ta ɓace a cikin hasken bango. Na gwada ja, ta yi kama da motar kashe gobara. Matata ta ce a sa kore."

Ina riƙe da hoton sai idona ya sauka kan tsanin, yana gefe dab da ƙofa. A nan ne na tuna. Wata biyu kafin a sace motar, reshen gawo ya fizge tsanin nan a hanyar Kwaya, ni da kaina na yanke ragowarsa na mayar da shi baya. Ranar da aka ɗauke Kostar mahaifina, babu tsani a gefenta. Duk wanda ya zana ta da tsani a gefe, to tun kafin sata ya gan ta. Amsar tana cikin katun ɗin tun ranar Laraba, a gaban idona, kuma duk Magariya babu wanda ya kamata ya gane haka sai ni. Na gane motar tsaf, ban tsaya na tambayi kaina motar yaushe ce ba.

Mushe bai lura da halin da nake ciki ba. Ya sa yatsa a kan hoton ya ce, "Ka ga direban nan? Ban san sunansa ba, amma ba na manta shi. Ranar ruwa ya cika wani kwari a hanya, ya sauke matan duka, ya shiga ruwan da ƙafarsa har ƙugu ya auna, sannan ya haye da motar, ya dawo ya goya kakar amarya a bayansa." Na duba. Abokina ne a jikin ƙofa, ya riƙe rodin nan da na lanƙwasa, wandonsa a jiƙe, yana dariya. Furar nan ban iya ƙarasa ta ba.

Ban jira mota ta cika ba, babur na hau har Magariya. Kai tsaye gidan Alhaji na nufa, na same shi a zaure. Na ce, "Alhaji, maganar shekaranjiya, kuskure na yi. A ba shi. Wallahi a ba shi."

Ya ce, "Ayya, ɗan marigayi. Ai jiya na miƙa wa wani, yanzu haka yana hanyar Damagaram."

Na ce ai cewa na yi a dakata kawai.

Ya ce, "Kai ma ɗan tasha ne. In gidan da mutum ya yi wa aiki suka ce a dakata, wa zai tsaya jiran sauran bayani?" Sannan ya ƙara da cewa mutum biyu sun tambaye shi dalilin da ya fasa, ya ce musu daga gidan marigayi ne. Wato maganar da shekara shida ana yinta a ƙus-ƙus, ni na sa mata hannu.

Na samu abokina a inuwar da 'yan kabu-kabu suke tsayawa. Na ja shi gefe na gaya masa komai, ban rage ba, har da rufin kwanon mahaifiyarsa. Na shirya ya zage ni, ko ya kai mini hannu, da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Mu ga katun ɗin."

Na ba shi. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar baya. Na mayar. Sau uku muna haka. Ya ce, "Bai sa madubin dama ba." Sannan ya ce, "Kwanon nan, akuyoyin matata muka sayar." Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Shekara shida ina jira wani daga gidanku ya zaunar da ni ya tambaye ni ido da ido. Da Baba ya tambaya, da kai ka tambaya, da na rantse muku na huta. Ba wanda ya tambaya." Wata mata ta zo da buhu tana neman babur, ya ɗora mata, kafin ya tayar ya juyo ya ce, "Ka tura mini shi. Ba ni da hotonta ko ɗaya."

Na bi tasha rumfa-rumfa ina warware abin da na ƙulla. Wasu sun yarda, wasu sun ce kunya ce ta sa ni. Damina na zuwa abokina ya sayar da babur ya koma gonar gyaɗa wajen kawunsa. Bai yi gaba da ni ba, in ya shigo gari yana biyowa ya gaida Inna. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini "na gaya maka" ba, kuma wannan shirun nata ya fi zagi zafi.

Bayan shekara uku na samu wata Hiyas da ta yi hatsari, na zauna na tayar da ita da hannuna har ta dawo mota. Ranar da ta fito ban kai ta tasha ba, ƙauyensu na nufa da ita. Na same shi a gona yana cirar gyaɗa. Na ciro makulli na sa masa a tafin hannu, na ce, "Taka ce ka tuƙa, ba wanda za a tambaya."

Ya juya makullin a hannunsa, ya hango motar a bakin gona, ya daɗe yana kallonta. Na ga yadda idonsa ya yi, na san yana so. Sai ya kamo hannuna ya mayar mini, ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, "Mutumina, na yafe maka tuntuni, kada ka sa wannan a ranka. Amma in na karɓa, kullum na tayar da ita zan riƙa tambayar kaina, yarda ce ko biyan laifi. A ranar Juma'ar nan nake buƙatarta." Ya cika mini buhu da ɗanyar gyaɗa, ya raka ni har mota, har ya nuna mini cewa tayar baya tana son iska.

Har yau ina tsayar da katun in ƙirga tagogi, ban daina ba, kuma har yau ba a kayar da ni ba. Sai dai na daina jin daɗin a kira ni gwani. Na san ƙarfe, na san inda na yi walda shekara goma da suka wuce, amma mutumin da muka ci kwano ɗaya ban san shi ba, don ban taɓa tambayarsa ba. Tsakanin garejina da inuwar da yake tsayawa da babur bai kai tafiyar minti biyar ba. Na zaɓi in tafi har Waca.

Yana nan a ƙauye, lafiyarsa lau, gyaɗarsa tana kyau. Bai ƙara tuƙa motar haya ba.